Furotin ɗin da ya ƙi narkewa

Shekarar farko da na nemi tallafin binciken digiri na uku a fannin furotin, wuri huɗu na cike, ko ɗaya ba a kira ni ba. Ɗaya ma wahalar banza na sha, wato tallafin ɗaliban bincike na hukumar kimiyya ta Amurka da ake kira NSF GRFP, sai da na gama rubutu tsaf sannan na ga 'yan ƙasa da masu izinin zama na dindindin kaɗai ake ba. Wallahi na ji haushin kaina. Tun daga nan sharuɗɗa nake fara karantawa, kamar na tallafin Marie Curie na Tarayyar Turai da ke cewa kada ka zauna a ƙasar da za ka je fiye da wata 12 cikin wata 36 da suka wuce.

Amma babban kuskurena a takardar bayanin kai yake. Na cika ta da surutu, wai ina son ceto al'umma da kimiyya, har da kawo AlphaFold, manhajar da ke hasashen siffar furotin, kamar ni na ƙirƙiro ta, alhali kowa haka yake rubutawa, balle bayan Nobel ɗin 2024 da aka ba su Baker da Hassabis da Jumper kan binciken furotin.

Wata malamata ta karanta ta ce, to kai me hannunka ya yi? Sai na tuna wata biyar da na yi a digiri na biyu ina fama da furotin guda da nake son samarwa a cikin ƙwayar bakteriyar E. coli BL21, kullum na sa IPTG, sinadarin da ke sa bakteriyar ta fara yin furotin ɗin, a zafin 37°C sai furotin ɗin ya ƙi narkewa ya dunƙule ya kwanta a gindin kwalba bayan an juya a santirifuj, injin da ke raba ruwa da gudaji, ruwan sama fayau, in wuce da ruwan ta kolom ɗin nikel da ke kama furotin ɗin, in duba jel da ke nuna furotin a matsayin layi, ba komai sai layin ma'auni yana kallona. Ranar da na sauke zafi zuwa 18°C na rage IPTG na bar shi ya kwana, washegari ga layi shuɗi sirit daidai inda nake jira, na ɗauki hotonsa ya fi sau goma.

Wannan labarin na rubuta a karo na biyu, kuma kafin in cike komai na tura wa mai lab ɗin da nake son shiga gajeren imel da tambaya ɗaya kan wata takardarsa. A intabiyu kusan rabin lokacin kan wannan layin muka ƙare, wani ya tambaye ni me ya sa ban gwada MBP ba, wani furotin da ake liƙa wa wanda ake nema don ya narke, na ce gaskiya lokacin ban san shi ba. Ya yi dariya ya rubuta wani abu. Sati uku bayan nan saƙonsu ya shigo.