Ranar Jira a Bankok

Ɗan kasuwa in ya zo Bankok, babban birnin Tailan, sarin kaya, kwana uku ko huɗu yake yi yana zagaye tsakanin kasuwannin Pratunam da Bobae da Sampheng. Daga nan kaya sun tafi wurin masu kago, kuɗi sun kusa ƙarewa, jirgin da zai mayar da shi ta Addis Ababa kuwa sai bayan kwana biyu. Sai ka tarar da mutum a ɗakin otal, ya kunna na'urar sanyaya ɗaki, yana juya waya daga safe har dare. Haka ma wanda ya rako mara lafiya asibiti, likita ya ce a dawo ranar Litinin. Wannan ranar ta jira ita ce jarin sana'ata.

Mu huɗu ne a kamfaninmu na zagayawa da baƙi: ni, da abokin tarayyata, da wata baiwar Allah mai riƙe da ofis da lissafi, da direban da muke ɗauka da motarsa idan buƙata ta taso. Abokin nawa Musulmi ne ɗan Min Buri, a gabashin birnin. Ina kiransa Bang, yadda Musulmin nan ke kiran wanda ya girme su, wato yaya. Dokar Tailan ta keɓe aikin jagorantar masu yawon buɗe ido ga 'yan ƙasa kaɗai, don haka lasisin jagora nasa ne, shi ne a gaba duk inda muka je. Nawa aikin shi ne amsa waya, tsara hanya, da yin tafinta tsakanin Hausa da harshen Tai. Ina faɗin wannan tun farko saboda na sha ganin samarinmu sun kwashi baƙi suna zagayawa da su ba takarda, kuma abin ba ya ƙarewa da daɗi.

Da muka fara, abin da kowa ke sayarwa shi muka sayar. A ɗauki baƙo da asuba a kai shi kasuwar kan ruwa ta Damnoen Saduak, kilomita wajen 100 daga birni, ya biya kuɗin mota, ya biya na kwalekwale mai tsada, ya yi hoto ya dawo. Wata rana wani Alhaji daga Kantin Kwari, bayan mun dawo, ya zaunar da ni ya ce, "Malam, ka ga ni ɗan kasuwa ne. Inda ka kai ni ban ga mai gari ko ɗaya yana cefane ba, duk baƙi ne irina. Ina mutanen garin nan suke zuwa?" Ban da amsar da zan ba shi a ranar. Na kwana da tambayar, kuma daga ita na ware kowace Talata don fita nema.

Ranar Talata ni kaɗai nake fita, da ɗan littafi a aljihu. Ina tambayar 'yan acaɓan nan masu riga ruwan lemo da ke tsayawa a bakin kowane lungu, ina tambayar dattawa a masallaci bayan an idar da salla. Duk wurin da aka yaba mini sai na taka da ƙafata, domin zuwa da kai ya fi saƙo. Abin da nake rubutawa bai da yawa: ƙarfe nawa jirgi ke tashi, nawa aka caje ni, ina za a yi alwala da salla, ina za a ci abincin da zuciya za ta natsu da shi, kuma mene ne abin hawa na ƙarshe da ke komawa birni. Batun abincin ya fi komai cin lokaci. Naman alade a nan ba a tsoka kawai yake ba, yana cikin romo, yana cikin man suya, don haka ce wa mai abinci "mai sai mu", kada a sa alade, ba ya wadatarwa. Sai na ga tambarin halal na majalisar Musulunci ta ƙasar, ko alamar wata da tauraro a jikin rumfa, sannan in zauna in ci, in yi hira da mai rumfar in ji wanne masallaci take bi.

Tafiyar da ta fi kowace shiga raina ita ce ta layin dogon Maeklong. Ba daga babbar tasha ake hawa ba. Akwai wata 'yar tasha a Wongwian Yai, a tsallaken kogi ta ɓangaren Thonburi, layi ɗaya tal, a maƙale a gefen kasuwa, in ba a nuna maka ba sai ka wuce ta. Kusa da ita akwai Masallacin Suan Phlu da rumfunan abincin Musulmi, a nan muke karya kumallo da roti, wata irin gurasa, da shayi. Kuɗin jirgi bat 10 ne (bat shi ne kuɗin Tailan) zuwa Mahachai, tafiyar kamar awa guda. Jirgin ba sanyi sai fanka da taga a buɗe. Da farko yana ratsa bayan gidaje dab da dab, har kana ganin tukunya a kan wuta da shanyar yara, ganyen ayaba na shafar taga. Can gaba sai gari ya saki, ruwa da itacen kwakwa su karɓa. A Mahachai jirgin cikin kasuwa yake tsayawa, kasuwar kifi da jatan lande da ƙaguwa wadda ke cikin manyan ƙasar, ma'aikatanta da yawa mutanen ƙasar Bama ne, wato Myanmar. A nan dogo ya yanke, domin ba gadar dogo a kan kogin Tha Chin. Sai a hau jirgin fito da bat 3, tare da masu babura, a tsallaka, a taka zuwa tashar Ban Laem, a sake biyan bat 10 zuwa Maeklong.

A wannan zango na biyu ne ake ratsa gonakin gishiri. Da rani za ka ga fili fari fat, an tara gishirin tsibi-tsibi a jere, mutane sun rufe fuska da ƙyalle suna jan sa da wani abu kamar manjagara. Na taɓa zuwa da wani dattijo Badamagare wanda mahaifinsa ya yi fataucin kantu daga Bilma. Tunda muka shiga wurin ya miƙe ya kama ƙarfen taga, bai zauna ba. Ya ce in tambayar masa kwana nawa ruwan ke yi kafin ya daskare, kuma wa ke saye. Bang ya juya ya tambayi wata tsohuwa da ke kujerar gaba da kwandonta, ita kuma ta shiga bayani da hannu da baki. Haka muka yi ta mayar da magana, daga Tai zuwa Hausa, daga Hausa zuwa Tai, har jirgi ya rage gudu ya kutsa kasuwar Rom Hup, inda masu kaya ke naɗe rumfunansu jirgi ya wuce ta kan tiren kayan miya, su sake buɗewa yana wucewa. Wannan kasuwar ta yi suna, motocin baƙi na cika ta. Amma su a ƙasa suke tsaye suna ɗaukar hoton jirgin, mu kuwa muna ciki, kuma abin da kowannenmu ya kashe a sufuri bai kai bat 30 ba.

A kan wannan hanyar na yi kuskuren da har yau nake jin nauyinsa. Jirgi huɗu ne kacal ke zuwa Maeklong a rana, huɗu su koma. Na ga a jadawali akwai mai isowa da 5:40 na yamma, sai na ɗauka zai juya. Ashe kwana yake yi a can, na ƙarshe mai komawa tun 3:30 ya tashi. Ina tare da wata Hajiya mai ciwon gwiwa da 'yarta. Magariba ta kawo kai, na tsaya a tasha ina duba allo, gumi na keto mini. Hajiya ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, in babu jirgin ka faɗa mini gaskiya, mu nemi inda za mu yi salla tukuna." Na ce, "Babu, Hajiya, laifina ne, ki gafarce ni." Muka samu ƙaramar motar haya mai komawa Bankok, na biya daga aljihuna, na mayar mata da kuɗin aikin ranar duka. Ta ƙi karɓa sai da na haɗa ta da Allah. Tun daga ranar, ba na sa wuri a jerinmu sai na hau abin hawansa na ƙarshe da kaina.

Wanda bai da ƙarfin doguwar tafiya, ba ma sai mun bar birni ba. A bayan kasuwar Pratunam akwai tashar kwalekwalen mashigin ruwa na Saen Saep, wanda 'yan kasuwarmu ke wucewa ta kansa kullum ba su san ana hawa ba. An haƙa mashigin a zamanin Sarki Rama na Uku, kuma tun lokacin Musulmi suka zauna a gaɓarsa, da yawansu zuriyar Malayawan da aka kwaso daga Pattani, can kudu. Shi ya sa in ka nufi gabas, ta Bang Kapi har Min Buri da Nong Chok, masallaci ke bin masallaci. Ruwan ba shi da tsabta, akwai ledar da ake ja da igiya a gefe don kada ya fantsamo, kuma hawa da sauka sai da hanzari, don haka nake riƙe hannun duk wani dattijo. Ta yamma kuwa, tasha biyu ko uku, akwai unguwar Ban Khrua ta Musulmin kabilar Cham, masaƙan siliki waɗanda su suka riƙa saƙa wa Ba'amurken nan Jim Thompson, mai cinikin siliki, kafin ya ɓace a Malesiya a 1967. Masaƙan sun ragu ƙwarai, 'yan kaɗan suka saura. Duk mai sayar da yadi da na kai can, sai ya murza zaren da yatsa ya yi shiru, sannan ya fara tambayar rini. Wani ya ce ƙarar masaƙar ta tuna masa da gidan kakansa a cikin birnin Kano.

Ayutthaya kowa ya san ta, tsohon babban birnin da dakarun Bama suka rushe a 1767, kuma jirgin talaka daga tashar Hua Lamphong ta Bankok bai wuce bat 20 ba. Abin da ba a cika nuna wa baƙo ba shi ne kabarin Shaihu Ahmad, Bafarishen da ya zo fatauci a farkon ƙarni na 17 ya zama shugaban Musulmin masarautar na farko, yana nan cikin harabar jami'ar Rajabhat ta garin. Akwai kuma masu roti sai mai, alawa mai kamar gashi da ake naɗewa a cikin roti mai laushi, sana'ar Musulmin garin ce. A hanya ana ratsa gonakin shinkafa, kuma ban taɓa kai Bahaushen da bai leƙa ta taga ya ce ashe daga nan take fitowa ba. Kafin mu tashi nakan tambayi baƙo ko yana son shiga kufan wuraren bauta masu gumaka. Wani ya ce tarihi ne zai gani, wani ya ce a wuce da shi, kuma kowanne na tsara masa hanyarsa ba gardama.

Ba kowane wuri ne ke karɓuwa ba. Bang Krachao, dajin nan da kogi ya zagaye a tsallaken Khlong Toei, na so shi ƙwarai, amma da keke ake yawonsa, a kan siraran hanyoyin siminti da aka ɗaga sama da ruwa, wasu ba makari a gefe. Samari da ɗalibai kawai nake kaiwa. Tsibirin Ko Kret na Nonthaburi, inda kabilar Mon ke ginin tukwane, ba mota a cikinsa, sai Asabar da Lahadi yake cika, kuma zagaye shi da ƙafa a zafin watan Afrilu ba na mai shekaru ba ne.

Maganar kuɗi kuwa, gaskiya ribar irin wannan fita ba ta da yawa. Kuɗin aiki ɗaya muke yankewa na yini, a faɗa wa baƙo tun kafin a fita, kuɗin jirgi da abinci kuma ya biya da hannunsa ya ga nawa ne. Akwai shagunan gwal da na ɗinki da ke ba da la'ada mai tsoka ga duk wanda ya kai musu baƙo, an sha yi mana tayi. Ni da Bang mun yi magana tun farko cewa ba za mu karɓa ba, domin ranar da ka fara karɓa, hanya ta daina bin abin da baƙo ke so, ta koma bin shago. Abin da ke riƙe kamfanin shi ne ɗauko mutane daga filin jirgin Suvarnabhumi, da rakiya asibiti, da bin kaya wurin masu kago. Sai dai kusan duk wanda ya ba mu waɗannan ayyukan, wani ne ya ba shi lambarmu, kuma in ka bi diddigi za ka tarar wanda ya ba shi ɗin mun taɓa hawa jirgin bat 10 tare.

Akwai masu cewa araha ba ta ado, Alhaji guda ba zai zauna a bencin jirgi da masu tallan kifi ba. Ba na ja da su, sai in kira direba, su biya kuɗin mota. Amma nakan ce, "Ranka ya daɗe, ka ba ni zango ɗaya kawai a jirgin, mota ta tare mu a Mahachai." Mafi yawansu in mun isa can sai su ce a sallami direban.

Talata mai zuwa Chachoengsao na nufa, ta layin gabas daga Hua Lamphong. Wani limami a Nong Chok ya ba ni labarin tsohuwar kasuwar katako ta Ban Mai a bakin kogin Bang Pakong, ya ce akwai 'yan uwansa a yankin. Bang ya ce sai ƙarshen mako take ci sosai, ke nan zuwa biyu zan yi: ɗaya in ga hanya da masallaci, ɗaya in ga kasuwar a cike, in kuma tsaya har jirgin ƙarshe.