Ɗalibin da ba ya zuwa ofis

Aikin ba ɗaliban aji ɗaya shawara da nake yi a wata babbar makaranta a Gombe ya nuna mini cewa wanda ya fi bukatar taimako shi ne wanda ba ya taɓa leƙo ofis. Masu baki sukan zo su kai kuka a share musu hawaye. Amma yaron da ya taso daga Nafada ko Dukku, wanda aka rene shi a kan ba a haɗa ido da malami, can bayan aji yake zama, ya kwafe duk abin da ke kan allo, ya fita bai gane ba. Kafin ka ankara sakamakon zangon farko ya fito, aikin gama ya gama.

Yawancinsu suna da kai. Turancin lacca ne ke yi musu sauri, ga kunyar tambaya a gaban ɗaruruwan mutane. Abin da na ga ya yi aiki shi ne haɗa su da 'yan aji uku bayan la'asar, mutum bakwai ko takwas a gindin dalbejiya. A warware darasin da Hausa tukuna, sannan kowa ya rubuta amsarsa da Turanci, tunda da shi za a yi jarrabawa. A irin wannan zama na ji wata yarinya da ba ta taɓa buɗe baki a aji ba ta ce, "Malam, ashe wannan ne? Ai tun a sakandare mun yi shi." Akwai abokan aiki da ke ganin sa Hausa cikin karatun jami'a ragwanci ne. Ban yarda da su ba ko kaɗan.

Sai batun aljihu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, wasu kan rasa laccar safe don ba kuɗin keke Napep. Lamunin NELFUND, asusun gwamnatin tarayya na ba ɗalibai rance, da aka fara a 2024 yana biyan kuɗin makaranta, yana ba da naira 20,000 duk wata, ba ruwa a kai, kuma sai shekara 2 bayan bautar ƙasa ake fara biya. Duk da haka na tarar da ɗalibai da dama ba su nema ba: wasu tsoron riba, wasu sunan da ke kan NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa, ya saɓa da na JAMB, hukumar jarrabawar shiga manyan makarantu. Yanzu tun makon rajista nake bin su har aji da kwamfutata, mu duba takardun kowa ɗaya bayan ɗaya.