Lambar da na rubuta tsirara

Jiya na miƙa katin shaidar aiki na bar gidan rediyon, bayan shekara shida ina haɗa shirin wasanni. Abu ɗaya ne har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya.

Wani mai sauraro ya aiko da tambaya: tsakanin ƙwallon ƙafa da ta kurket, wacce ta fi gudu? Na binciko, na rubuta wa Oga, mai gabatar da shirin, cewa ɗan wasan kurket Shoaib Akhtar na Pakistan ya yi jifa mai gudun 100.2 a wasansu da Ingila, a gasar kofin duniya ta 2003. Mil nake nufi, amma ban rubuta ba. Oga ya shiga situdiyo ya ce kilomita, har da ƙarin gishiri, wai ashe fenaretin kowane ɗan gaba ya fi haka. Kafin a sa talla waya ta ɗau ruri. Mil 100.2 kilomita 161.3 ne a awa.

Ni aka ba takardar tuhuma, aka janye ni daga shirin wata uku. Laifina ne, ban musa ba. Amma a ce mutum ya shekara ashirin gaban makirfo, ya ga lamba ba riga ba wando, bai ce "Kai, ɗari na me?" ba.

A zaman nan ne na ɗauki biro na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. Tsawon filin jifa a kurket yadi 22 ne, mita 20 da 'yan kai, kuma ƙwallon Akhtar ba ta cika rabin sakan ba take cinye su. Fenareti kuwa mita 11 ne kacal. In an narka shi da gudun kilomita 110 a awa, kusan sulusin sakan ya isa raga. Wato ƙwallon kurket ta fi gudu, amma gola ya fi shiga uku. Shi ya sa yake zaɓar gefe tun ƙafa ba ta sauka ba, canki-canka yake yi.

Na kuma koyi ajiye kwafin duk takardar da na miƙa, da yin shiru a taron Litinin.

Da na dawo na ba Oga wannan lissafin. Ya karanta shi a iska daram, ya ce binciken da ya kwana yana yi ne.