Baƙar laka ta ci mana dashe sama da ɗari huɗu

Har yau in na wuce ta bayan makarantar nan sai raina ya sosu, wallahi. Hutun bazara ne na tara yara goma sha huɗu ƴan sakandare a nan Maiurno, kusa da Sinnar a ƙasar Sudan, na ce su zo mu koyi renon dashe, wanda ya iya mashtal, wato gidan renon dashe, ko bai samu jami'a ba ba zai rasa na cefane ba. Muka kafa rumfar zana, muka sayo baƙaƙen ledoji 600 da kuɗin da yaran suka haɗa da kansu, wani ma kuɗin aikin gona ne da ya yi, muka tanadi ƙwallon mangwaro da irin lemun tsami da gwaiba.

To wajen ƙasa na yi ɓarnar. Kowa a gefen Sinnar ya san gurer ake zubawa a leda, ƙasar nan mai laushi da kogin Bahar Azrak ke bari a gaɓa in ambaliya ta janye, a gauraya kashi biyu da kashi ɗaya na yashi. Na sani sarai. Amma mai amalanken jaki ya faɗi kuɗin sawu, na ga ya yi yawa, sai na ce ai ga ƙasa nan a gonar bayanmu kyauta, baƙa wuluk, wadda ake noma dawa da auduga a kai, me zai hana. Baƙar laka ce fa. A fili tana da albarka amma a cikin leda in ta sha ruwa sai ta riƙe shi kamar tukunya, in ta bushe kuma ta dare ta tsinka saiwa.

Sun tsiro da kyau har muna murna. Sati na huɗu ganye ya fara rawaya yana sunkuyawa, ni kuma na ce ƙishi ne, zafin Mayu, a ƙara ruwa safe da yamma. Wani yaro a cikinsu, mara yawan magana, ya ce Ustaz ƙasar nan fa wari take yi, ko mu rage ruwan? Na ce masa kai dai ɗauki bokiti. Wannan maganar ita ta fi cina, yaron ya gani ni ban saurara ba.

Sai da wani dattijo mai lambu a bakin ruwa ya biyo, ya tsuguna ya yaga leda ɗaya, saiwar ta yi baƙi tana narkewa a hannu. Ya ce ɗana, waɗannan ba ƙishi suke ji ba, nutsewa suka yi. Ya juya ledar, ashe ramukan gindin ma lakar ta toshe su gaba ɗaya. Na ce Baba akwai dabara? Ya ce a ceci masu rai kawai. Da muka ƙirga 180 suka rage, galibi mangwaro.

Kuɗin amalanken da na guda sai da na biya shi daga aljihuna har da na sabbin ledoji, don ba zan iya kallon yaran in ce su sake karo-karo ba. Biyar cikin yaran ma ba su dawo ba, ban ga laifinsu ba.

In za ka koya wa yara aikin nan ka biya kuɗin gurer da yashi tun farko ko da za ka rage yawan ledar zuwa rabi. Kafin a ba da ruwa a sa yatsa cikin ƙasar, in da danshi a bari. In ganye ya yi rawaya ka yaga leda ɗaya ka ga saiwa, kar ka yi hasashe kamar ni. Dashen mangwaron da suka tsira, da suka kai kaurin fensir, mun yi musu aure da reshen mangwaron da ake kira Abu Samaka, kuma yaron nan da na kora da bokiti shi na miƙa wa wuƙar farko.