Addu'ar da na daɗe ina yi wa ƙanena

A 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Na yi murna da jin labarin, domin ƙanena yana cikin samarin Gombe da kwalbar nan ta kama. Murnar ba ta yi nisa ba. Da kwalba ta yi tsada sai ya koma ƙwaya, tramol da danginta. Acaba yake yi a lokacin, abin da ya samu da rana kuma ba ya kwana a aljihunsa. Iyayenmu suna Kaltungo, tsufa ya kama su, ni ce babba, shi ya sa nauyinsa ya dawo kaina a Tumfure, inda nake ɗinki.

Na kai maganar gaban Zumuntar Mata a majami'armu. Aka yi addu'a da ƙarfi, aka sa ranar azumi, na koma gida ina jiran canji kafin wata ya ƙare. Watanni suka wuce ba abin da ya motsa. Wata dattijuwa cikinmu, wadda duk muke kira Mama, ta tare ni bayan sujada.

"'Yata, kina yi masa addu'a har yanzu?"

"Ina yi, Mama, in abin ya taso mini."

"To, ki sa mata lokaci. Ranar da bai taso miki ba ma ki yi."

Na zaɓi ƙarfe 5 na asuba, kafin yara su tashi, kafin in buɗe keken ɗinki. Mama takan kira ni a waya ranar Laraba mu yi tare, minti kaɗan, don kati ba kyauta ba ne. Da ba don kiran nan ba da tuni na bari. Wanda yake addu'a shi kaɗai a kan abu guda na tsawon shekaru, wata rana zai tashi ya ga ya daina bai ma san ranar da ya daina ba.

Mama ce ta buɗe mini Luka 18, misalin gwauruwar da ta yi ta zuwa wurin alƙalin da ba ya tsoron Allah, ba ya kuma ganin girman mutum. Na san labarin tun ina ajin Lahadi, amma ban taɓa lura da yadda Luka ya gabatar da shi ba: Yesu ya ba da misalin ne don almajiransa su riƙa addu'a kullum, kada su karai. Ashe tun farko ya san karaya za ta zo. Alƙalin ya biya wa matar bukatarta don kada ta gajishe shi da zarya. Yesu bai ce Allah haka yake ba. Cewa ya yi, in mugun alƙali ya ji kukan gwauruwa, balle Uba. Wannan ya raba ni da tunanin cewa sai na yi ihu ko na tara kalmomi kafin a ji ni, abin da Matiyu 6:7 ma ya hana. Akwai asubar da ba na iya faɗin komai sai sunan yaron da "Ubangiji, ka gani." Romawa 8:26 ta ce Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishin da baki ba ya iya furtawa, na kuwa dogara da ayar nan sosai.

Abin da naciyar ta fara gyarawa shi ne halina game da ƙanena. Ya taɓa ɗauke atamfar wata mai ɗinki daga shagona ya sayar, sai da na biya daga aljihuna. Maigidana ya ce kada ya sake taka mana gida, kuma da gaskiyarsa. Amma da wuya ka ambaci sunan mutum a gaban Allah da asuba, da dare kuma ka hana shi tuwo. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Muka daidaita da maigidan: ba zai kwana ba, ba zan ba shi kuɗi a hannu ba, amma kwanonsa yana nan kullum. A kan kwanon nan ne wani dare ya ce, "Yaya, na gaji. Ki kai ni asibiti."

Na kai shi. Wasu a cikinmu suna ganin zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa rashin bangaskiya ne, ni ban yarda ba. Gwauruwar Luka da ƙafarta ta riƙa zuwa kotu. Iliya ma, da yake roƙon ruwan sama a Dutsen Karmel, sau 7 ya aiki baransa ya dubo wajen teku kafin a ga ɗan gajimare kamar tafin hannu.

Ba kowace naciya ce take ƙarewa yadda muke so ba. Bulus ya roƙi Ubangiji sau 3 a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Allah ya ishe shi. Mama kanta ta yi shekaru tana roƙo a kan ɗanta, ya rasu bai bar giya ba. Ban taɓa jin ta ce addu'ar ta tafi a banza ba, ban kuma yi ƙarfin halin tambayarta ba.

Ƙanena yanzu yana koyon walda. Ya taɓa komawa ƙwayar bayan ya fito daga asibiti, muka sake ɗaukar hanya daga farko. Ranar Laraba yanzu ba mu biyu ba ne, wasu mata daga Bolari da Fantami sun shigo da sunayen 'ya'yansu, har waya ta yi mana kaɗan muka koma haɗuwa a shagona bayan na rufe.