Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Warin daddawar Iya

Salam 'yan uwa, a yi haƙuri makon jiya ban yi rubutu ba, kwana uku babu wuta waya ta mutu. Mun tsaya a inda na samu gurbin karatu a ABU Samaru sashen nazarin ƙananan halittu, toh amma bari na ɗan koma baya tukun.

Ni a hannun kakata na tashi a cikin birnin Zariya wajen Kwarbai, Iya muke ce mata, sana'arta daddawa. Wanda ya san aikin nan ya san wahala ce zalla, a ɗora kalwa tun magariba har gari ya waye, a surfa a turmi, a wanke, a sake dafawa, sannan a juye a kwando a rufe da ganye da buhu a tura ƙuryar ɗaki kwana uku. Ranar buɗewa kuwa hmmm, abin da zai bugi hancinka sai ka yi hawaye, ga shi da kama kaya, hijabina na islamiyya ko sau nawa na wanke yana nan. Yara suka laƙaba min Ta-daddawa. In na dawo ina kuka sai Iya ta ce "ke kishiya rufe min baki, warin nan ne ya saya miki takalmin ƙafarki."

Muna aji biyu wani malami ya shigo lakca da ƙullin daddawa a leda, aji ya kaure da dariya, ni kuwa na sunkuyar da kai kamar ni aka zo tona wa asiri. Ya ce wannan warin sunansa amoniya, kuma wata bakteriya ce mai suna Bacillus subtilis take yin shi, tana cin furotin ɗin kalwa tana sakin amoniya. In wuya ta yi sai ta dunƙule ta zama kamar iri mai tauri, tafasar ruwa ba lallai ta kashe ta ba, da ta ji ɗumi da laima a ƙarƙashin buhu sai ta farka ta hau aiki.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne amoniya fa guba ce. Ku shiga ɗakin kajin da ba a kwashe kashi ba ku ji yadda ido ke yaji. Ga ƙwayar halitta ma haka ne, tana ratsa fatar ƙwayar ba sallama, ta shiga ta dagula ma'aunin tsami na ciki, aiki ya tsaya. Shi ya sa in daddawa ta nuna, ma'aunin tsaminta da ake kira pH ya kai wajen 8, wato ta koma kanwa-kanwa, ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci da yawansu ba sa iya zama, ita kuwa mai gidan tana nan daram. Irin waɗanda suka saba da wuri mai kanwa-kanwa dabararsu ita ce su riƙa tura gishirin sodiyam waje suna jawo tsami ciki, waje ya yi yadda ya ga dama, cikinsu na nan daidai.

Daga ranar na zama 'yar laburaren Kashim Ibrahim. Can na karanta labarin Helicobacter pylori mai kawo gyambon ciki, ita da kanta take haɗa amoniya ta lulluɓe jikinta don kada ruwan tsamin ciki ya ƙona ta, wani likita a Ostireliya, Barry Marshall, har shanye ta ya yi a 1984 don a yarda da maganarsa, shi da Robin Warren suka karɓi kyautar Nobel a 2005. Akwai Thermus aquaticus da Thomas Brock ya samo a maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Yellowstone a Amurka, ruwan da zai saluɓe maka fata nan ne gidanta, kuma sinadarin jikinta ne ake amfani da shi a gwajin PCR da kowa ya ji sunansa lokacin korona. Amma gaskiya duk cikinsu ba wadda ta burge ni kamar ta kwandon Iya.

Ranar Juma'a na hau bas daga Samaru na sauka Ƙofar Doka, ina shiga gida na zauna ina zuba mata bayani, cewa wasu halittu ne da ido ba ya gani suke mata aiki. Ta saurara tsaf tana mulmula daddawa, can ta ce "toh in ma'aikata gare ni haka, ki ce musu su zo su taya ni surfe, kafaɗata ta gaji."

A ranar na ɗebi ɗan kaɗan daga kwandon na ƙulle a leda zan kai lab. Yadda ledar nan ta fashe min a jaka a cikin bas, da abin da wani bawan Allah da ke kusa da ni ya ce, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.