Godiya bayan hukuncin kotu kan riƙon marayunmu

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, magana ta ƙare. Kotun iyali ta ba Yaya da maigidanta riƙon yaran nan biyu, tare, a gida ɗaya, ba a raba su ba. Waɗanda suka bi lamarin tun rasuwar mahaifiyarsu sun san inda aka fito, ba sai an sake tono shi ba, ga kuma gajiya. Yaya ce ta ce in rubuta a madadin gidan, don ita har yanzu da ta fara magana kuka ke cin ƙarfinta.

Roƙo ɗaya kafin godiya: duk wanda ya ɗora hoton yaran a WhatsApp ko Facebook don taya murna, don Allah ya sauke. Dokar haƙƙin yara ta ƙasa ta 2003 ta hana wallafa suna, adireshi, makaranta ko hoton yaron da maganarsa ke gaban kotu, shi ya sa ma ake zaman a keɓe, ba a barin 'yan kallo. Waɗanda suka zo aka tsayar da su a waje, ku yi haƙuri, ba wulaƙanci ba ne. Ni ma a nan babba da ƙarami kawai zan kira su.

Wadda za mu fara gode wa ita ce jami'ar walwalar yara da aka ɗora wa binciken gidan. Ranar zaman ƙarshe, ana jira a baranda, sai ta lura babbar tana rungume da baƙar leda, an yi an yi ta ajiye ta ƙi. Cikin manya babu wanda ya tambaya, kowa na ta kansa. Ita ce ta tattare mayafinta ta durƙusa a gabanta, ta ce, "'Yata, me muka ɗauko ne haka?" Da aka buɗe, kayan ƙanenta ne: wando biyu, riga, silifas, da kofin robar da ba ya shan koko sai da shi. Ashe ta tsinci maganar manya cewa za a iya tafiya da shi wani gari ita a bar ta, shi ne ta haɗa masa kaya da dare ba wanda ya sani. Nata ko ɗankwali ba ta sa ba. Jami'ar ba ta ce mata "ba za a raba ku ba", don ba ita ke yanke hukunci ba, kuma ba a yi wa yaro alkawarin abin da ba ya hannunka. Cewa ta yi, "Abin nan da kike tsoro, ki faɗa wa alƙali da bakinki. Zan zauna kusa da ke." Kuma ta zauna. Hajiya, Allah Ya duba bayanki, Ya raya miki naki, Ya sa ki gama da duniya lafiya.

Mutane da yawa sun turo tambaya, wasu ma suna cikin irin wannan halin, a Rigasa, a Kawo, har Zariya. To ga abin da ya kamata a sani. Kotu ba ta zauna don ta gano wa ya fi wani iko da yaro ba. Tambayarta ɗaya ce, ina maslahar yaron take. Da wannan sashe na farko na dokar 2003 ya buɗe, kuma jiharmu ta Kaduna tana da tata dokar kula da walwala da kare yara tun 2018, wadda da ita ake aiki a nan, don haka a sa lauya ya duba ta kafin a shigar da komai. Wanda ya shiga kotu yana ta "jinina ne, jinina ne" amma bai san ajin da yaro yake ba, bai san ko an kammala masa rigakafi ba, to ya riga ya rage wa maganarsa nauyi. Abin da ake aunawa ƙanana ne: a ina yaro ke kwana kuma da wa, wa ke kai shi asibiti, boko da islamiyya sun tsaya ko suna tafiya, sauya masa gida zai gyara ne ko zai ƙara masa wani rashin a kan rashi. Ana kuma jin ra'ayinsa gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. A nan nake gargaɗi da babbar murya, kada a kitsa wa yaro abin da zai faɗa. Masu taya majistare zama sun san yara, da sun ji kalmomin manya a bakin ɗan shekara bakwai za su gane, kuma wanda ya kitsa shi zai kwana a ciki.

Sharuɗɗan mai neman riƙo a dokar ƙasa a fili suke. Ya kai shekara 25, ya girmi yaron da aƙalla shekara 21, ya kasance ɗan ƙasa mazaunin jiha ɗaya da yaron, yana da halin ciyarwa, mutumin kirki ne, likita kuma ya shaida lafiyar jikinsa da ta ƙwaƙwalwarsa. Ba a ba mutum ɗaya fiye da yara uku sai da dalili mai ƙarfi. Mai aure sai da amincewar abokin zamansa. Kuɗi kuwa ba ya shiga tsakani ko kaɗan, bayarwa ko karɓa don a samu riƙo laifi ne. Ko da sunan "na goro" ne, a bari.

Takardu su ne suka fi cinye lokaci, kuma yawancin ɗage zama daga nan yake fitowa. Ana buƙatar takardar aure ko rantsuwar aure, takardar haihuwa ko rantsuwar shekaru ta kowane mai nema, hoton fasfo biyu, da takardar lafiya daga asibitin gwamnati, irin su Yusuf Ɗantsoho ko Barau Dikko. Ta asibitin kuɗi komai kyanta ba ita aka nema ba. Ta ɓangaren yara a tanadi takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, katin rigakafi, sakamakon makaranta da shaidar rasuwar iyaye. Wannan ta ƙarshen ita ce ke kayar da mu Hausawa, muna binne mamaci a ranar, hankali na kan zaman makoki, sai an zo kotu a tuna babu takarda. Sai kuma matsalar suna. An raɗa wa yarinya sunan kakarta, gida ana kiranta da laƙabi don alkunya, makaranta ta rubuta laƙabin, asibiti ya rubuta na yanka. A idon magatakarda yara biyu ke nan. A je a yi takardar rantsuwa tun da wuri cewa mutum ɗaya ne, kafin lauyan ɗaya ɓangaren ya riga ku gani. Kowace takarda a yi mata kwafi, ta asali ta zauna a gida sai ranar da aka ce a kawo, rasit ɗin makaranta da na magani kuma kada a yar ko ɗaya. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

Ranar da jami'a za ta zo duba gida, kada a ari kujeru ko a yi fenti. Ba dukiya take nema ba. Za ta leƙa wurin kwana, ta ga ko an raba shimfiɗar maza da mata, ta duba banɗaki da ruwan sha, ta keɓe da yaran, wani lokacin ta tsaya ta ji bakin maƙwabta. Gidan da aka gyara don ido daban yake da gidan da ake zaune a ciki, kuma ta sha gani.

Ga masu cewa an kai marayu "kotun boko" an mayar da su 'ya'yan wasu, a kwantar da hankali. Riƙo ne, ba a taɓa nasaba ba. Sunan mahaifinsu na nan a kansu kamar yadda Allah Ya umarta a Suratul Ahzab, aya ta 5. Ba sa gadon Yaya, ba ta gadonsu, in ta so ta bar musu wani abu sai ta hanyar wasiyya cikin sulusi. A mazhabarmu ta Malikiyya, bayan uwa kakar wajen uwa ce kan gaba a reno, kuma ita Inna da kanta ta miƙa su saboda tsufa da ciwon ƙafa, ta dangwala yatsa a takarda a gaban shaidu. Gadonsu kuma magana ce daban, tana gaban kotun shari'ar Musulunci. Hayar shagon mahaifinsu ana rubuta ta a littafi, shiga da fita, mutum biyu ke sa hannu, don aya ta 10 a Suratun Nisa'i ba abin wasa ba ce.

Akwai waɗanda suka ce kada a ambace su. Ku gafarce ni, ba zan iya ba. Gwaggo ta Tudun Wada, wadda ta riƙa kwana da yaran duk daren da gobe kotu, don kada su ga tashin hankali a fuskar Yaya. Kawu na Unguwar Sanusi, da ya rufe shago ranar ciniki ya zo ya tsaya shaida. Lauyarmu, da ta ƙi karɓar ko kuɗin mai, ta kuma hana mu mayar da martani a intanet lokacin da aka fara yaɗa maganganu, ta ce kowace kalma za a iya buga ta a kawo gaban alƙali. Mai unguwa da limaminmu, da suka rubuta shaida ba tare da an yi ta sintiri ba. Shugabar makarantar yaran, da ta fito da rajistar halarta ta kuma ɗaga ƙafa a kuɗin zango. Malam mai Keke, da yake jira a bakin kotu cikin rana ba ya ƙara ko sisi. Inna, Allah Ya ba ki lafiya, abin da kika yi ba kowace kaka ke iyawa ba.

Allah Ya saka muku da mafificin alheri. Ya rufa muku asiri duniya da lahira, Ya yaye muku abin da ya dame ku, kada Ya nuna wa 'ya'yanku maraici da ƙuruciya. Iyayen yaran nan Allah Ya jiƙansu, Ya haskaka makwancinsu, Ya sa Aljanna ce makomarsu. Su kuma Ya raya su cikin Musulunci, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya sa su zama masu yi wa iyayensu addu'a. Yaya da Yaya Alhaji, Allah Ya cika muku alkawarin da Manzon Allah (SAW) ya yi wa mai ɗaukar nauyin maraya, na maƙwabtaka da shi a Aljanna. Amin summa amin.

Dangin da ba a gani ba tun sadakar bakwai sai da maganar shago ta taso, mun yafe, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Zumunta dai a ƙafa take. Ƙofa a buɗe take, yaran nan naku ne, suna bukatar sanin baffanninsu, kuma ba wanda zai hana ziyara. Sai dai a sani, umarnin kotu bai ƙare a ranar hukunci ba. Jami'ai za su ci gaba da leƙowa lokaci zuwa lokaci, in aka ga riƙon ya kauce wa maslahar yaran kotu na iya soke shi, kuma ko Yaya ba za ta fita da su wajen jihar Kaduna ko ƙetare ba sai an sanar da kotu. Saboda haka mai son su je masa hutun Sallah a Kano ko Katsina ya yi magana da wuri, a samu lokacin rubuta wa kotu.